Mazaɓar da Kabeji Yake Yi wa Zaɓe

Ranar Litinin ɗin nan na fita neman wakilina na majalisa, na dawo gida ba wakili, ba mazaɓa, sai farce a goge yana ƙyalli. Ku bar ni in faɗa muku yadda aka yi, don har yanzu matata Danute in ta kalli hannuna sai ta juya ta fuskanci bango tana dariya.

Ita ce ta tura ni. Ina cikin shan shayin safe ta ajiye mini kwat ɗin zuwa coci a kan kujera ta ce, "Zigmas, tashi ka je ofishin Mai Girma ka gaya masa an toshe hanyar maƙabarta. Kuma ka yi magana kamar mai ƙuri'a. Kada ka je ka tsaya kana murza hula."

Na sa kwat na nufi bayan kantin magani, inda ofishin ɗan majalisar unguwarmu Varnupe yake tun ina da gashi a ka. Sai na tarar an yi wa ƙofar jan fenti, an sauke hoton Mai Girma, an rataya hoton hannun wata mace. Na ce a raina ƙila jam'iyya ce ta canja tambari, don sun saba. Na tura ƙofa. Wata mata mai farar riga ta ɗago kai ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Hannu ko ƙafa?"

Na ce, "Wakilina nake nema."

"Au, mutumin hoton? Ai ya kwashe kayansa tun watan jiya. Kujerun nan ma shi ya bar mana."

"Ya kwashe zuwa ina? Zaɓe fa sai baɗi."

"Baba, ba ka duba waya ne? Mazaɓar taku an soke ta. Shi ya tafi neman wata tun ba a riga shi ba."

Ta nuna mini taswira a wayarta. Wani jan layi ya bi ta kan layin dogo ya tsaga Varnupe gida biyu. Gefenmu mai gidaje an liƙa shi da unguwar dogayen benaye ta cikin birni, inda mutanen bene guda sun fi titinmu gaba ɗaya yawa. Ƙetaren layi kuwa, inda babu kowa sai maƙabarta da dajin dogayen itatuwan fir, an miƙa shi ga mazaɓar ƙauyuka. Na zauna a kujerar da na samu. Ban ankara ba matar nan ta kama hannuna, don tausayi, ta hau goge mini farce. Na miƙa mata ɗayan ma.

Ina jinjina wa manyanmu masu zanen taswira, Allah ya ƙara musu kaifin ido. Mutum ya zauna a ofis mai ɗumi, ya ɗauki jan alƙalami ya raba unguwa da matattunta ba tare da ya jiƙa takalmi ba, wannan ai baiwa ce. An ce yawanmu ne bai kai ba. Gaskiya ne, 'ya'yanmu sun watse ƙasashen waje suna wanke motocin wasu, mu kuma da muka rage muna ta ƙaura zuwa ƙetaren layi ɗaya bayan ɗaya. Da an tambaye ni da na ce a haɗa mu da na ƙetaren a ƙirga, ai mun isa mazaɓa har da saura.

To amma ba taswira ce ta fitar da ni daga gida ba, Gwaggo Anele ce. Ita ce maƙwabciyarmu ta dama, ta haura tamanin, gwiwoyinta sun daɗe da daina jin magana. Mijinta, Kawu Bronius, yana kwance a ƙetaren layi, kuma tun da aka kai shi ba a taɓa yin Ranar Mamata, ranar da kowa yake kunna wa mamatansa kyandir a kabari, ba ta kunna masa da hannunta ba. Da can ƙarshen titinmu akwai 'yar mahaya ta katako a kan dogo, ka duba hagu ka duba dama ka tsallaka, sai ga ka a ƙofar maƙabarta. Bana, saboda sabon jirgi mai gudu, an zo an kafa shingen ƙarfe da ya fi ni tsayi, tun daga tasha har inda ido ya ƙure. Mai lafiyar ƙafa zai iya zagayawa da mota, ya ajiye ta a bayan rumbunan kaya, ya ratsa yashin daji da ƙafa. Gwaggo Anele ko rabin wannan yashin ba za ta iya ba. Ranar Mamata kuwa ƙarshen mako ce.

Ta ce da Danute, "In Bronius ya ga kowane kabari da wuta nasa babu, zai ɗauka mutuwa na yi, ko kuma aure. Kin san shi da kishi."

Yanzu wanda ba ɗan unguwarmu ba zai ce, to ba sai a yi gada ba? Ranka ya daɗe, zauna in ba ka tarihin mazaɓarmu, don gadar nan ita ce tarihin gaba ɗaya.

Tun zaɓen farko da aka fara barinmu mu zaɓa da kanmu, Kawu Bronius ya miƙe a taron makaranta ya ce shi ba ya neman komai sai gadar ƙafa a kan dogo. Aka tafa masa. Aka yi zagaye na farko, 'yan takara biyu suka rage, kamar yadda doka ta tsara, za su sake karawa bayan mako biyu. Washegari kowannensu ya zo da 'yan jarida da mai busa, ya ajiye dutsen aza harsashin gada da sunansa a jiki. Ɗaya ya ajiye nasa kusa da turken fitila, ɗayan kusa da juji. Suka yi jawabi suka tafi.

Kun dai san wane wata ake zaɓe a ƙasar nan. Watan yanka kabeji ne, kowane gida ana ta yayyankawa ana barbaɗa gishiri ana dannawa a ganga don ajiyar hunturu. Kuma kun san ganga ba ta yi sai da dutse mai nauyi a kai, in ba haka ba kabejin ya taso saman ruwa ya ruɓe. Mu kuwa ƙasar Varnupe yashi ce zalla, ko tsakuwar jifan kare sai ka saya. Gwaggo Anele, lokacin tana da ƙarfinta, ta fita da safe ta ga dutse mai kyau zaune cikin ciyawa ba mai shi, ga ganga a gida tana jira. Ta kawo baro. Matar mai gyaran takalmi ta gan ta, ita ma ta kawo nata baron ta ɗauki ɗayan.

Mako biyun nan da doka ta sa tsakanin zagaye da zagaye, shi ne daidai abin da kabeji yake buƙata ya yi tsami. Ana gobe zaɓe aka buɗe gangunan. Na Gwaggo Anele, wanda yake ƙarƙashin baƙin dutsen kogi na wani likitan dabbobi, ya fito garas-garas, ƙamshi har titi. Na matar mai takalmi ya zama kunu, don dutsen ɗayan Mai Girman ashe farar ƙasa ce aka shafa wa fenti, ruwan gishiri ya narkar da ita. Kafin yamma babu gidan da labari bai shiga ba. Washegari likitan dabbobi ya lashe zaɓe, mai fenti ya sha ƙasa.

Daga nan abin ya zauna. Duk zaɓe biyun da suka rage sai sun aza harsashin gada, don sun ji an ce a Varnupe wanda bai aza ba ba ya ci. Su tafi, mata su kawo baro. Ana gobe zagaye na biyu mu taru a tsakar gidan Gwaggo Anele da cokula da baƙin burodi, a ɗanɗana wannan a ɗanɗana wancan, ba mai cewa uffan game da jam'iyya. Su kuwa Masu Girma in suka dawo ba su ga dutse ba, sai kowanne ya ruga jarida ya ce 'yan adawa sun sace masa harsashi. Mu mu karanta, mu girgiza kai, mu ce duniya ta lalace.

Kada ku yi mana dariya. Ku da kuke zaɓe da jawabi da fosta, me kuka tsinta? Jawabi kyauta ne, dutse kuwa sai an sa hannu a aljihu. Mutumin da zai yi maka algus a dutsen da sunansa yake jiki, ka ɗauka me zai yi maka a abin da ba sunansa? Akwai shekarar da wani Jagoran Matasa, mai kwat ɗin da ya fi shi faɗin kafaɗa, ya kawo wani dutse mai sheƙi har maza biyu suna nishi wajen sauke shi gaban kyamara. Danute ta je ɗauka ta ga ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Farin soson nan ne da ake naɗe talabijin da shi a kwali. Duk da haka muka yi masa adalci, muka ɗora shi a ganga, ya yi ta yawo a saman ruwa. Akwai kuma wani Garkuwan Tsaro da ya gaji da sata, ya sa aka kafe nasa da siminti da ƙarfe. Muka ɗauki wannan a matsayin ƙin shiga jarrabawa. Ko ƙuri'ar surukarsa ban tabbata ya samu ba.

Gada dai ba a yi ba, wannan kowa ya sani. Kawu Bronius ya tsufa yana jiranta, ya rasu a kan gadonsa yana tambaya ko an fara. Amma duk wanda ya ci a Varnupe ya san an auna shi, kuma ba mu taɓa rasa wanda za mu je mu yi wa tsiya a bayan kantin magani ba.

Da na dawo daga shagon farcen na tarar da su a kicin ɗinmu, Danute da Gwaggo Anele da Pranas, maƙwabcina na hagu, tsohon mai aikin lantarki wanda bai taɓa yarda da maganata ba ko da kan yanayin sama ne. Na faɗa musu abin da na gano. Pranas ya kalli hannuna ya ce, "An aike ka neman gada ka dawo da kwalliya. Ba ni wuri, ni zan yi magana da su."

Ya ciro waya ya kira ofishin Mai Girman unguwar benaye, wanda aka ce shi zai gaje mu, ya buɗe murya kowa ya ji. Wani saurayi mai laushin harshe ya ce, "Gada? Ai Mai Girma yana son gada ƙwarai. A ina za ta tashi?"

"Ƙarshen titinmu."

"Madalla, nan namu ne. A ina za ta sauka?"

"Ƙetaren layi."

Sai saurayin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, Mai Girma ba ya fara abin da zai je ya sauka a ƙuri'ar wani."

Pranas ya kashe ya kira na mazaɓar ƙauyuka. Wata mata ta ɗauka, ta ce tana murna da jin sababbin 'yan mazaɓa, mutum nawa ne a gefen nasu?

"Suna da yawa," in ji Pranas, "sun ma fi mu."

"Kai, madalla! Suna fitowa zaɓe?"

"Da dai suna fitowa. Yanzu duk a kwance suke."

Ta ce za ta isar da saƙo. Ban san wa za ta isar wa ba.

A nan ne abin ya taɓa ni, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci sosai. Ba rashin gadar ba, wannan mun saba da shi kamar ciwon baya. Abin da ya ci ni shi ne ko ƙaryar ma an daina yi mana. Da aƙalla duk shekara huɗu wani zai ɗaura wuyan riga ya zo ya tsaya cikin sanyi ya yi mana alkawari a fuska. Yanzu mun zama mutanen da ba su kai a yaudare su ba.

Sai Danute ta ce, "Kwalbatin nan fa?"

Ƙasa da ƙarshen titinmu kaɗan akwai wani babban kwalbati da rafi yake bi ta ƙarƙashin dogo, shinge bai rufe bakinsa ba, mutum in ya ɗan sunkuya zai wuce. Yana fita daidai bayan maƙabarta. Matsalar ita ce ruwa, don a wannan watan yana kai ƙauri, sanyinsa kuwa har cikin haƙori.

Pranas ya ce, "Sai mu shimfiɗa katako."

Na ce, "Ya yi santsi ta zame, ka ce da wa?"

"To mu sayo bulo."

Gwaggo Anele ta buga sandarta a ƙasa. "Ba wanda zai sayo mini bulo. Duwatsun gada suna nan cikin gidajenku, a tsakar gidana aka raba su. An ce don a tsallaka layi aka kawo su. To zan tsallaka a kansu."

Na ce, "Gwaggo, kabeji fa yana tsakiyar aiki. In aka ɗaga dutse yanzu..."

"Zigmas, wanne ne a gidanka?"

Ai ta sani sarai. Baƙin dutsen likitan dabbobi ne, na farkon farko, wanda ta ba Danute da hannunta ranar da gwiwa ta hana ta sauka ɗakin ƙasa inda ganga take. Babu irinsa a unguwar. Kabejina da ake yabo har a gidan Fada na cocinmu, duk aikin dutsen nan ne, ni nawa cin yabo kawai. Na buɗe baki zan kawo hujja, Danute ta dube ni irin kallon nan da ta yi mini ranar da na ce zan sayi babur. Na rufe bakina.

Ba ni kaɗai na yi gunaguni ba. Da Danute ta bi gida-gida, akwai wadda ta ce ita nata dutsen ya saba da gangarta, akwai wanda ya rantse nasa ya ɓata alhali ana hango shi ta taga. Amma da aka ce Gwaggo Anele ce ta aiko, ba wanda ya iya cewa a'a sau biyu. Kowa ya nemo abin da zai ɗora wa gangarsa a madadi. Pranas ya sa tsohon batirin mota a cikin leda. A gidana keken ɗinkin surukata ne yake zaune a kan kabeji yanzu haka, Allah ya jiƙanta, ko bayan ranta tana danne mini abinci.

Ranar Mamata da hantsi sai ga baro bayan baro suna gangarowa titi, kowanne da Mai Girma ɗaya a ciki, warin tsami ya cika unguwa, karnuka suna biye. Da muka tara su sai muka ga ba su kai yadda muke zato ba. Na fenti ya narke tun tuni, na soso yara sun yi jirgin ruwa da shi, wasu biyu na siminti sun farfashe. Muka sa takalman roba, ni da Pranas da wasu maza, muka shiga kwalbati muna jerawa. Pranas ya ce a kifa su, don bai kamata a taka sunan mutum ba. Gwaggo Anele daga bakin rafi ta ce, "Rubutun sama. Shi zai riƙe mini takalmi." Muka jera har suka ƙare, sai muka ga akwai sauran tazara kafin busasshiyar ƙasa, wadda ta fi taku ɗaya ko ga mai lafiya. Muka ja wannan muka matsa wancan, tazara ta ƙi cikewa. Pranas ya ce in ba a soke mazaɓa ba da baɗi mun samu biyu. Na ce Ranar Mamata ba ta jiran baɗi.

Da la'asar ta fito cikin baƙin kwat da ɗankwalin coci, kyandir cikin jar kwalba a aljihu. Danute ta riƙe mata sanda, ni na shiga ruwa ta dama, Pranas ta hagu, ta dafa kafaɗunmu. Ta ɗora ƙafa a kan na farko ta tsaya ta duba ƙasa.

"Likitan dabbobi. Mutumin kirki. Bai yi komai ba, amma bai yi shi da girman kai ba."

Ta taka na gaba. "Wannan mai agogon zinariya ne, wanda ya ce zai kawo mana masana'anta. Ya kawo, amma a garin matarsa."

"Gwaggo, ki kula, akwai gansakuka."

"Na gani. Wannan kuma matar nan ce mai kuka a talabijin. Dutsenta ya fi na kowa santsi." Ta ɗan dakata ta yi numfashi, ta jingina a kafaɗata. Na ji nauyinta, ko in ce na ji rashin nauyinta. Matar nan da ta taɓa tura dutse a baro ita kaɗai.

Na tsakiya ya fi duka faɗi, don mai shi biyu ya kawo a shekararsa, ɗaya na wannan ƙafar gada ɗaya na waccan, muka haɗa su gefe da gefe. Mu kuma muka ruɗe muka sake zaɓarsa, shi kaɗai a tarihin Varnupe. A zango na biyu ko gaisuwar Kirsimeti bai aiko ba. Ta tsaya a kansa da ƙafa biyu ta ce, "Kai, a kanka zan huta. Kai ma a kanmu ka huta."

Wani dutsen ya yi girgiɗi da ta taka, har Danute ta yi ƙara. Gwaggo Anele ko a jikinta. "Ku bar shi, haka yake a majalisa ma. Jam'iyya uku ya yi kafin ya sauka."

Muna tsakiyar kwalbati sai ga sabon jirgin nan ya bi ta kanmu. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo mana a wuya, kafin mu ɗaga kai ya wuce. Pranas ya ce, "An ce cikin ƙiftawar ido yake kai mutum birni." Ta ce, "Allah ya kai su lafiya. Mu ci gaba."

Da muka kai na ƙarshe ta tsaya ta kalli ruwan da ya rage. Pranas ya miƙo mini hannuwansa, na kama, muka sarƙe su kamar yadda yara suke yi, Danute ta zaunar da ita a kai. Ruwa ya shiga takalmina ta sama, na ji sanyi har cikin ƙwaƙwalwa. Pranas yana nishi ya ce, "Ka riƙe da kyau, mai farcen amarya." Na ce ya yi ta kansa. Muka sauke ta a kan ciyawa ƙafarta a bushe.

Rana ta kusa faɗuwa, waɗanda suka zagayo ta daji sun riga sun kunna nasu, maƙabarta duk ta ɗauki wuta, ja da fari da ruwan ɗorawa har cikin itatuwa. Kabarin Kawu Bronius ne kawai duhu a layinsu. Ta ƙi yarda a taimaka mata. Ta dafa dutsen kabarin ta sunkuya, ta share ganyen fir da tafin hannu, ta ƙyasta ashana, iska ta kashe, ta sake. Da ya kama ta gyara wa kwalbar zama ta ce, "Bronius, ga ni. Ban mutu ba, ban yi aure ba. Ta sama ka nema, ta ƙasa aka samu, sai ka yi haƙuri."

Ni dai na yi kuka. Na juya na ce sanyi ne, Pranas ma ya ce sanyi ne, muka tsaya muna kallon daji muna jan hanci.

Da muka zo tafiya Danute ta ce, "To, gobe da safe kowa ya zo ya kwashi dutsensa, tun kabeji bai gane an yi masa wayo ba."

Gwaggo Anele ta ce, "Ba wanda zai taɓa su."

"Gwaggo, ai an gama. Baɗi sai mu sake jerawa."

Ta ɗaga sanda ta nuna dutsen kabarin. A gefen sunan Kawu Bronius akwai nata, an riga an sassaƙa tun ranar da aka yi nasa, da shekarar haihuwarta, sai ɗan fili a gaba da ba a cike ba. Ta ce, "Akwai sauran tafiya ɗaya da zan yi ta nan, kuma ba ni zan sa ranar ba, balle ku ce kabeji yana tsakiyar aiki. Ranar ba ƙafata za ta taka ba, taku ce, ku huɗu, da ni a kafaɗa. Ba na so a zagaya da ni ta bayan rumbunan kaya kamar buhun taki. Ta titina zan fita. Kuma wannan ramin na ƙarshe ku cike shi. In kuka zame kuka zuba ni a rafi, Zigmas, kai zan fara zo wa."

Pranas ya ce, "Haba Gwaggo, ai ke za ki binne mu duka."

"Kada ka yi mini zaƙin baki, ba takara kake yi ba."

Don haka duwatsu suna nan cikin kwalbati, kuma daga yau duk wanda ya zo gidana ya ji kabejin bana yana ɗanɗanon man keke, ya ci ya yi shiru.

Ku kuma sababbin iyayen gidanmu, na benaye da na ƙauyuka, Allah ya ja zamaninku, na san ayyuka sun yi muku yawa, ba zan ɗora muku gada ba. Dutse ɗaya muke nema. Na auna wurin a taswirar, yana daidai ƙarƙashin jan layin nan, don haka ba wanda zai zarge ku da yi wa ƙuri'ar wani aiki. Ba sai kun zo da mai busa ba, ba sai kun yi jawabi ba, ku sa suna ko kada ku sa. A dai samu na gaske, mai faɗin da maza biyu za su tsaya a jere da kaya a kafaɗa. Kuma in da hali kada ku jira lokacin kamfe, don mai odar ba ta da tabbacin kaiwa baɗi.